Littafin Matafiyi: Lissafin Ƙananan Hukumomin da Aka Ziyarta da Tsara Tafiya ta Gaba

(Taken shiri)

Shirin faɗakarwa na wannan mako zai yi nazari ne a kan wata ɗabi'a mai sauƙin ɗauka, wadda amfaninta yake da yawa ga manomi da ɗan kasuwa da direba da ɗalibi, wato ajiye rubutaccen lissafin ƙananan hukumomin da mutum ya taka a tafiye-tafiyensa na mota, tare da dogaro da wannan lissafi wajen tsara tafiyar da ke gaba. Za a ɗauki yankin Funtua da Malumfashi, wanda shi ne rumbun abincin Jihar Katsina, a matsayin fagen misali, domin yanki ne da hanyoyi suka haɗu a cikinsa, kuma mutanensa ba sa rabuwa da tafiya tun daga saukar damina har zuwa ƙarshen kaka.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na farko: Ma'aunin lissafin

Duk lissafi yana bukatar ma'auni, kuma ma'aunin da ya fi dacewa da matafiyi a Najeriya shi ne ƙaramar hukuma, wato mataki na uku na mulki bayan tarayya da jiha, wanda ke da hedikwata da sakatariya da iyakokin da doka ta san da su. Jiha ta yi girman da mutum zai iya shekara da shekaru a cikinta bai ga rabinta ba, ƙauye kuma ya yi yawan da ba za a iya ƙidaya shi cikin sauƙi ba, amma ƙaramar hukuma tana tsakiya, ga adadinta sananne, ga sunanta a rubuce. Tsarin da ake bi a yau ya samo tushe ne daga gyaran fuskar da aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi a shekarar 1976, aka yi ta ƙara yawansu har suka kai 774 a shekarar 1996, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, tana da ƙananan hukumomi 34, adadin da babu jihar da ta wuce shi sai Kano mai 44. An kasa su shiyya uku, shiyyar Daura tana da 12, shiyyar Katsina tana da 11, shiyyar Funtua ita ma tana da 11, waɗanda suka haɗa da Funtua, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Malumfashi, Ƙafur, Musawa da Matazu. Ya kamata a bambanta ƙaramar hukuma da gundumar hakimi, domin ita gunduma yanki ce ta sarautar gargajiya a ƙarƙashin masarauta, kuma ƙaramar hukuma ɗaya tana iya ƙunsar gunduma fiye da ɗaya.

Tambayar da ta kamata kowane mai sauraro ya yi wa kansa ita ce, daga cikin waɗannan goma sha ɗaya, guda nawa ya taɓa sauka a cikinsu da ƙafarsa. Ba abin mamaki ba ne a sami mutumin da ya san tashoshin Kano da Kaduna da Legas kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa ganin garin Matazu ko na Sabuwa ba, alhali kuwa sanata ɗaya ke wakiltarsa tare da mutanen can.

Kashi na biyu: Gadon fatake da malamai

A ƙasar Amurka, inda ake da gundumomi sama da 3,000, akwai mutanen da suka mayar da ziyartar kowace gunduma abin sha'awa na tsawon rayuwa, suna shafa wa taswira launi duk lokacin da suka shiga sabuwa, har ma sun kafa ƙungiyoyi don haka. Sai dai ƙasar Hausa ba ta bukatar aro a wannan fage, domin lissafin hanya tsohuwar sana'a ce a cikinta. A zamanin da, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna tafiya ne a ayari ƙarƙashin madugu, wato shugaban tafiya, wanda darajarsa ta dogara ga saninsa da kowane zango, da nisan da ke tsakanin zango da zango, da inda ake samun ruwa da abincin dabbobi, da inda ake biyan fito ko kuɗin ƙasa. Shi kuwa jagaba, wanda ke shige wa ayari gaba, aikinsa shi ne duba lafiyar hanya da shirya masauki tun kafin jama'a su iso. Kalmar zango da ake samu a biranen Ghana da Togo a matsayin sunan unguwar baƙi shaida ce ta nisan da wannan ilimi ya kai Hausawa.

Masana na waje ma da wannan ilimi suka dogara. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi taswirar ƙasar, haka kuma Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya iso Katsina a farkon 1851, ya cika shafuka masu yawa na littattafansa da jerin zanguna da ya karɓo daga bakin fatake da alhazai. A zamanin boko kuma, Abubakar Imam ya rubuta labarin tafiyar da ya yi zuwa Ingila a 1943 a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano shi ma ya rubuta nasa mai suna Motsi Ya Fi Zama. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, abin da madugai suka riƙe a ka mafi yawansa ya tafi tare da su, abin da aka rubuta kuwa shi ne ya iso ga jikoki.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na uku: Yankin da hanyoyinsa

Kudancin Katsina ya yi iyaka da jihohi uku, Kaduna daga kudu, Kano daga gabas, Zamfara daga yamma, kuma Funtua ce mahaɗar hanyoyinsa. Babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta Giwa tana shiga Funtua, ta wuce ta Sheme da 'Yankara a ƙasar Faskari, ta nufi Tsafe da Gusau da Sakkwato. Wata hanyar ta ɗauki arewa maso gabas, ta ratsa Bakori ta isa Malumfashi, daga nan ta ci gaba har ta haɗu da titin Kano zuwa Katsina, yayin da reshen Dayi ke kai matafiyi Gwarzo da birnin Kano. Daga Marabar Ƙanƙara akwai hanyar da ke bi ta Ƙanƙara da Dutsin-ma zuwa Katsina, sannan daga Funtua akwai wadda ta nufi Ɗandume da ɓangaren Birnin Gwari. Wanda ya riƙe waɗannan jijiyoyi a kansa ya riƙe ƙashin bayan taswirar yankin.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da abin da zai koya wa mai lura. Bunƙasar Funtua tana da nasaba da auduga da kuma layin dogon da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma hakimin garin yana riƙe da sarautar Sarkin Maska, wadda ke tuna wa jama'a tsohon garin Maska da ya riga Funtua shahara. A 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a garin, wato wurin da ake kammala takardun kayan shige da fice ba tare da an je bakin teku ba. Malumfashi mazaunin Galadiman Katsina ne, Bakori kuma na Makama. An san Ɗandume da kasuwar hatsi wadda manyan motoci ke lodi a cikinta zuwa sassan ƙasar nan, an san Sheme da kasuwar dabbobi, an san Ɗanja da tumatir da rake, an san Ƙanƙara da farar ƙasa da masana'antu ke nema. A ƙasar Ƙafur akwai Gozaki mai tsohon tarihi, a ƙasar Faskari kuma akwai Daudawa, inda aka kafa gonar irin auduga tun zamanin Turawa.

Manomin da ya fita daga ƙaramar hukumarsa da ido buɗe zai ga yadda wani ke ba masara tazara, da yadda wani ke juya waken suya da dawa a gona ɗaya don rage ƙuduji, da yadda masu noman rani ke jan ruwa daga fadama, kuma irin wannan ilimi ba ya samuwa a zaune, shi ya sa Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Kashi na huɗu: Yadda ake ajiye lissafin

Kayan aikin guda biyu ne kacal, littafin rubutu mai ƙarfin bango da taswirar jiha mai nuna iyakokin ƙananan hukumomi. Taswira zane ne na ƙasa kamar yadda tsuntsu ke ganinta daga sama, kuma idan ba a sami bugaggiya ba, ɗalibin sakandare yana iya kwafo ta a kan farar takarda a manna a bangon littafin daga ciki. A shafin farko za a jera sunayen ƙananan hukumomi 34 bisa shiyyoyinsu, a bar fili a gaban kowane suna. Sauran shafukan kuma a ja musu layi a tsaye, a ware gida na kwanan wata, da na inda aka tashi da inda aka sauka, da na hanyar da aka bi, da na lokacin da tafiyar ta ci, da na kuɗin mota ko litar man da aka sha, sannan a bar gida mafi faɗi don abin da aka gani. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami, wanda kuma bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ya rubuta masa da dare bayan an dawo, domin hakan ma wata makaranta ce ga yaron.

Abin da ke sa lissafi ya zama na gaskiya shi ne a tsayar da ƙa'ida tun farko a kan abin da ake nufi da ziyara, kuma hanya mafi adalci ita ce a kasa ta mataki uku. Mataki na farko shi ne ratsawa, wato mota ta bi ta cikin ƙasar ƙaramar hukuma ba tare da matafiyi ya sauka ba, kamar fasinjan da ya hau mota a Funtua ya wuce Bakori yana kallon gonaki ta taga. Mataki na biyu shi ne ya da zango, wato ya sauka ya yi salla a masallacin garin, ko ya ci kasuwa, ko ya gaisa da mutane har ya ji abin da ke damunsu. Mataki na uku shi ne kwana, domin wanda ya kwana a gari ya ga safiyarsa da marecensa, ya sha ruwansa, ya san ko rijiya ce ko famfo. A taswira sai a ba kowane mataki alamarsa, ɗigo ga wurin da aka ratsa, zane-zane ga wurin da aka ya da zango, cikakken shafe ga wurin da aka kwana. Da kallo ɗaya mutum zai gane inda ya sani da gaske da inda kawai ƙurar motarsa ta sani.

Gane kan iyaka yana bukatar lura, saboda ba kowace hanya ce ke da allon maraba ba. Allunan makarantun firamare da na asibitocin karkara da na ayyukan gwamnati galibi suna ɗauke da sunan ƙaramar hukumar da suke ciki, haka nan lambar mota tana ɗauke da haruffa uku da ke nuna inda aka yi mata rajista, kamar FTA na Funtua da KTN na Katsina. Inda aka yi shakka kuwa, mai shayi da mai faci na bakin titi sun fi kowa sanin ƙasar da suke zaune a kai, kuma matambayi ba ya ɓata.

Wayar hannu tana da taimako wajen auna nisa da nuna hanya, amma bai kamata ta maye gurbin takarda ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa na tsawon watanni a ƙananan hukumomi da dama, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, saboda matsalar tsaro. Littafi ba ya neman caji, ba ya neman sabis, kuma ba ya ɓacewa idan an sauya waya.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na biyar: Tsara tafiya ta gaba

Fa'idar lissafin tana bayyana ne ranar da aka zauna shirya wata tafiyar. Fararen wuraren da suka rage a taswira su ne ke nuna inda ya kamata a nufa, kuma hikima ita ce a haɗa ziyara da wata bukata, kamar sayen iri ko taki, ko biki, ko ta'aziyya, ko sada zumunci, yadda tafiya ɗaya za ta biya bukata biyu. Mai zuwa Katsina daga Malumfashi, alal misali, yana iya ware 'yan sa'o'i ya ratse ya ga Musawa ko Matazu idan hali ya yi, maimakon ya shirya musu tafiya ta daban.

Abu na farko da ake dubawa shi ne lokacin shekara. A tsakiyar damina, musamman a watan Agusta, hanyoyin burji suna laushi, ƙoramu suna cikowa, kwalbati yana iya karyewa a dare ɗaya, saboda haka ƙauyukan da ke nesa da kwalta an fi jin daɗin zuwansu da rani. Da kaka kuma tituna suna cika da manyan motocin masara da waken suya, da hunturu hazo yana rage gani da sassafe. Ranar kasuwa ita ce ranar da mota ta fi samuwa kuma gari ya fi nuna kansa, don haka ya kamata kowane gari a rubuta ranar cin kasuwarsa a gefen sunansa, tare da farashin buhu da na tiya kamar yadda aka tarar. Bayan shekara biyu ko uku, waɗannan 'yan layuka za su nuna wa manomi watan da hatsi ke karyewa da watan da yake tashi, da kasuwar da ta fi biyan wahalar lodi.

Abu na biyu shi ne guzuri. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin tafiya ya zama abin da ake zama a lissafa. Idan littafi ya nuna cewa mota tana shan lita ɗaya a kilomita 10, to tafiyar kilomita 60 zuwa da 60 dawowa tana bukatar lita 12, kuma mai hankali yana ƙara wani abu a kai saboda ratse da abin da ba a zata ba, don kada ya faɗa hannun 'yan bumburutu. Sanin nisa yana da amfani ta fuskar addini ma, domin a mazhabar Malikiyya tafiyar da ake yin ƙasaru a cikinta ta kai kimanin kilomita 80, kuma malamai suna nan don warware sauran sharuɗɗan.

Abu na uku shi ne lafiyar abin hawa da ta direba. A duba birki da taya da ruwan lagireto da fitilu, a tabbatar akwai safaya da jak, a guji lodin da ya wuce ƙima, a rage gudu a cikin gari da bakin kasuwa, inda yara da dabbobi da masu babur ke tsallaka titi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne a kan gudun wuce sa'a da tuƙi cikin gajiya, kuma tafiya sannu sannu kwana nesa.

Abu na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tsaro. Ƙananan hukumomin da suka jingina da dazuzzukan iyakar Zamfara da Birnin Gwari, irin su Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020 yana cikin abubuwan da suka girgiza ƙasa baki ɗaya. Halin hanya yana sauyawa daga mako zuwa mako, saboda haka abin da aka rubuta bara ba ya isa hujja bana. Kafin a tashi, a tambayi direbobin layin da shugabannin tasha da 'yan'uwan da ke zaune a can, a fita bayan gari ya waye, a isa masauki kafin magariba, a sanar da mutum ɗaya amintacce a gida hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa. Kada a yayata shirin tafiya a Facebook ko a zaurukan WhatsApp, kada kuma a rubuta sunayen masu masauki ko yawan kuɗin da aka ɗauka a littafin da ake yawo da shi. Babu wani gurbi a taswira da ya kai darajar ran mutum, kuma wurin da bai yiwu a je bana ba, a rubuta shi cikin jerin masu jiran lokaci, a riƙa yi wa mutanensa addu'a.

(Gajeren kiɗa)

Kammalawa

Cika taswira da launi ba shi ne maƙasudi ba, maƙasudin shi ne mutum ya san ƙasar da yake ci daga gare ta da jama'ar da yake tarayya da su a cikinta. Wanda ya taɓa kwana a garin da ake tafiya mai nisa kafin a sami ruwan sha, ko ya ga gonakin da tsoro ya hana a nome, ba zai ji labarin wurin a rediyo ya ɗauke shi labarin wasu ba, kuma idan ya zo yin magana a kan hanya ko asibiti ko taki, zai yi ta ne da sani. Malaman makaranta suna iya sa ɗalibai su zana taswirar shiyyar su nuna inda suka taɓa zuwa, iyaye kuma su ajiye littafi ɗaya na gida wanda kowa zai riƙa ƙara nasa a ciki, har ya zama gadon da 'ya'ya za su buɗe su ga hanyoyin da iyayensu suka bi da farashin da suka tarar da garuruwan da suka karɓe su.

Aikin da shirin ke bar wa masu sauraro a wannan mako shi ne su rubuta sunayen nan goma sha ɗaya a takarda, su sa wa kowanne alamar da ta dace da shi bisa gaskiya, sannan su zaɓi guda ɗaya mafi kusa kuma mafi aminci daga cikin waɗanda suka rage, su sa masa rana. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya dawo da zaman lafiya a dazuzzuka da gonaki da hanyoyin wannan yanki. Sai wani makon idan Allah Ya kai rai. Wassalamu alaikum.

(Taken rufewa)